Sun ɓoye min tafiyar Inna, ni kuma na ɓoye musu ciwona

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana, mutanen Zongo ba sa wahalar gane nasu. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ta gaggawa nake nema.

Ni budurwa ce, shekaruna ashirin da bakwai, a nan Wagadugu aka haife ni. Da sikila na taso, wadda muke ce wa drepano a nan, tun ina firamare ta cinye min ƙashin kwankwaso na hagu, da sanda nake tafiya. Ba tausayi nake nema ba, ina da ɗinkina, in salla ta matso 'yan matan unguwar Kamsaoghin har layi suke min. Amma duk wanda ya san ciwon nan ya san in kiriz, wato bugun ciwon, ya tashi, ƙasusuwa suka fara sara, ba ka da wata sana'a sai kuka. Mahaifiyata, Inna, ita ta riƙa goya ni zuwa asibiti har na yi girman da ƙafafuna ke jan ƙasa, ita ta san jijiyar da ke karɓar ƙarin ruwa a hannuna, ita ke faɗa da masu jinya in sun ce raki nake yi.

Inna 'yar Nijar ce, aure ya kawo ta. Mahaifiyarta, Kaka, tana can ƙauyensu wajen Konni, rabon da su sa juna a ido tun ina yarinya. Ba hana ta aka yi ba, duk sanda ta haɗa kaya sai in kwanta, tafiya ta fasu. Likita ya ce tashin hankali na tayar da ciwon, ni kuwa in na ji za ta yi nisa ba barci ba abinci. Amma Gwaggo Hajara, yayar marigayi Babanmu, wadda ita ke da ta cewa a gidan, ta yanke hukuncin cewa ciwona kunne gare shi, yana jin maganar tafiya. Har ta taɓa cewa a gaban baƙi wai na ɗaure uwata kamar akuya a turke. Ban ƙyale ta ba, na ce mata ranar da ta ɗanɗana sara ɗaya sai ta zo mu yi magana. Tun daga nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

To yanzu Kaka ta kwanta, an ce ta daina cin abinci, sunan Inna kaɗai take kira. Sai gidanmu suka fito da dabara, wai kada a ambaci tafiya inda nake don kada ciwon ya ji. Ina fitowa tsakar gida sai a koma maganar tsadar tumatir, ko a juya harshe zuwa yaren Mosi, kamar ni baƙuwa ce a garin nan. Jakar Inna ma ɗakin maƙwabciyarmu Tanti Awa aka kai. Asiri ya tonu ne da Tanti ta kawo min atamfa in ɗinka riga mai faɗin wuya, wai ta wata tsohuwa ce da ke kwance. Atamfar nan kuwa ni na raka Inna ta saya, a gabana ta ce ta Kaka ce. Na tsare Tanti da tambaya har ta amsa, ta roƙe ni in rufa mata asiri. Jibi da asuba motar za ta tashi, ni kuma za a ce min Inna ta je unguwar Wemtenga zaman jiran haihuwar matar yayana. Kun san yadda hanya take yanzu, sai an tara motoci sojoji sun yi musu rakiya, in ta rasa wannan ba wanda ya san ranar tashin wata motar.

Wallahi na yi murna, na ce wannan karon ko me za a yi sai ta tafi. Sai jiya bayana ya fara sara. Na sha magani, ina ta ɗura ruwa, ina zaune kan keke ina dariya da masu kawo ɗinki, ta ciki na ciki. Abin da ya fi ƙona min rai, yanzu Gwaggo za ta ce ai ga shi, ciwon ya ji. In Inna ta tafi ƙanwata ce za ta kula da ni, yarinyar kirki ce amma ganin allura kaɗai sai jikinta ya hau rawa. Kwanciyata ta bara sai da aka ƙara min jini, kuma likita ya ja kunnena cewa in ciwon ya hau ƙirji da zazzaɓi kada in tsaya jiran komai.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na yau da safe. Tunda nake, kullum Inna kan shigo ta ja fatar idona ta duba ko ya yi ruwan ɗorawa, da haka take gane ciwon tun kafin in yi magana. Yau ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ƙaraso ba, kanta a ƙasa. Sunan Kaka aka sa min, shi ya sa ba ta kiran sunana.

“Uwata, kin tashi lafiya ko?” ta ce.

Na ce lafiya lau. Ta ce alhamdu lillahi, ta juya da sauri. Nan na gane tsoron dubawa take, don ta san in ta gani ba za ta iya tafiya ba. Na tausaya mata har na rasa inda zan sa kaina.

'Yan uwa, in faɗa mata, tafiya ta sake fasuwa, wataƙila Kaka ta cika ba su gana ba, kuma a kaina? Ko in danne har motar ta bar gari sannan in ce a kai ni asibiti? In wani abu ya same ni tana hanya na san ba za ta yafe wa kanta ba har ta mutu. Masu irin ciwona, da waɗanda suka rasa uwa ba su gan ta ba, ku nake so ku fi yi min magana. Don Allah kada ku jinkirta, tun la'asar nake jin numfashina yana tokarewa a ƙirji.