Igiyar Rijiyar Tanko

Daga ƙaninka Barau, zuwa ga Yaya Sule a Gwanja.

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Yaya jikinka, yaya iyali, yaya zaman baƙunta? Allah ya sa kowa lafiya.

Bayan haka, tun rani nake jinya. Tanko mai shanu ya ɗauke ni yasar rijiyarsa. Na nuna masa igiyar na ce ta ruɓe, ya ce in sauka kawai. Ban kai rabi ba ta tsinke, na faɗa ciki, cinyata ta karye. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma cinyar ta warke a karkace. Bana ban riƙe fartanya ba.

Na ari jaki na je gaban alƙali a Ɗambatta neman diyya. Ya saurare ni, sannan ya ce, "Ina shaidunka?" Mutanen da suka riƙe igiyar barorin Tanko ne, sun ce ba su ji na faɗi komai ba. Alƙali ya ce, "Ba ka da wanda zai tsaya maka?" Na waiwaya, Yaya. Duk mutanen da ke zauren, tare da Tanko suka zo. Aka ba shi rantsuwa ya yi, aka sallame mu.

Na dawo gida ban tarar da wanda zan ba labari ba. Tun rasuwar Inna, babu mai tambayata yadda na kwana.

Ka sa ni a addu'a. Ka gai da Hansatu da yara. In ayari zai taso, ba sai ka aiko goro ba. Ka dai faɗa mini yaushe za ka dawo.