Sabulun da Ya Cinye Yatsun Yaya

Litinin, 3 ga Maris
Na haɗa sabulun ruwa na farko. Bokiti guda: soda, sinadarin kumfa, kala shuɗiya, ɗan turare. Maƙwabciyar da ta koya mini ta ce cokali uku na soda. Na zuba biyar, ni ba wasa na zo yi ba. Ya cika jarka biyu. Na yi sallama da na kanti, su jiƙa tsadarsu su sha.

Alhamis, 6 ga Maris
Yaya ta wanke banɗaki da shi, tayil har ɗaukar ido yake. Wai yana cizon hannu. Na ce datti yake cizo. Wata bakwai ke nan tana gidana tun rasuwar mijinta, ci da sha da kwana, ko allura ba ta saye. In ba ta yi wanke-wanke ba, me za ta yi? Kowa sai ya tuna mini ita ta goya ni. Ai na sauko tuntuni.

Asabar, 15 ga Maris
Fatar hannunta ta fara saluɓewa. “Auta, ko safar roba ce mai arha ki sayo mini.” Na ce in zan sayi safa, wahalar me na sha wajen haɗa sabulu? Maigida ya ɗago ya kalle ni, na kalle shi, ya koma kan wayarsa.

Laraba, 19 ga Maris
An sa mata ranar tantancewa, ɗaya ga wata. Za ta je ofishin fansho ta ɗora yatsa a na'ura, su fara biyan ta haƙƙin mijinta. Tun safe bakinta bai rufu ba: ta ga ɗakin haya a bayan kasuwa, mai gidan ya ce zai jira ta. Har kalar labule ta zaɓa a ranta. “Zan rage miki nauyi,” in ji ta, tana murmushi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yara huɗu, ni ina shago daga safe zuwa yamma. Wa zai riƙe mini gidan? Wannan bai dame ta ba.

Litinin, 24 ga Maris
Wayarta ta daina gane yatsanta. Ta kawo mini in duba. Maimakon wayar, hannun na juya. Sumul. Zanen yatsun ya shafe kamar ƙasan tsohon silifas. Nan take na gane abin da zai faru a ofishin can.
Na ce wayar ce ta tsufa.
Da la'asar na haɗa sabon bokiti. Cokali shida.

Talata, 25 ga Maris
Na sauke mata labulen falo da zannuwan gado duka. Da hannu za ta wanke, injin wanki yana shan wuta.

Talata, 1 ga Afrilu
Ta dawo da azahar. Yatsu goma, na'ura ta ƙi ko ɗaya. Ma'aikaciyar ta sa ta goge a zane, ta hura, ta sake ɗorawa, shiru. An ce ta dawo zagaye na gaba, bayan wata uku, in fatar ta warke. Mai ɗaki ba zai jira wata uku ba.
Ta zauna a kicin da mayafinta, ko takalmi ba ta cire ba. Na ce Allah bai yi ba. Na ci abincina na ƙoshi, har da ƙari.

Juma'a, 4 ga Afrilu
Ta daina magana. Gida kuwa fes. Ai abin da nake so ke nan.

Laraba, 9 ga Afrilu
Ina tsugune ina juya bokiti, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon cokalin.
“Uku matar ta ce, Auta. Ina shanya a tsakar gida ranar da ta koya miki.”
Na ce to me ya hana ki magana?
“Kullum cewa nake gobe za ki rage.”
Ta ɗauki soso ta wuce. Da zagina ta yi, da na san amsar da zan ba ta.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Bokitin yau cokali biyu. Soda ta yi tsada, shi ke nan dalili.
Ragowar tsohon kuma ba zan zubar a yi asara ba, sai na wanke tukwane da shi da kaina. Tukunya uku kacal, yatsuna suka ɗauki raɗaɗi kamar na murza barkono. Biron nan ma da ƙyar nake riƙe shi. Ita kwana arba'in ta yi a ciki.
Mai kemis ya ce zanen yatsa yakan dawo in hannu ya huta da wanki sati shida. Tambaya kawai na yi, wucewa nake. Man da ya ba ni na ajiye a bakin ƙofarta tun safe.
Yanzu na leƙa. Yana nan, ba ta ɗauka ba.