Katifar da Kaka ta hana a cire wa leda

Assalamu alaikum 'yan gurup, manya da yara. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, akwai 'yan ajinmu a nan ciki, kuma bakinsu ya fi rediyo kai labari nesa. Don Allah ku ba ni shawara a kan katifa. Na san wasu za su yi dariya, ku yi abinku, ni ma da wani ne ya rubuto da ni zan fara.

Bari in fara da wautata. An aike ni sayen katifa don tsohuwa mara lafiya, sai na gwada ta da jikina, ni ɗan shekara sha shida mai ƙashin ƙarfe, da hantsi, a inuwar shago, iska na kaɗawa. Na faɗa kanta, ta haɗiye ni, na ce wannan ita ce. Ban tuna ba cewa wadda za ta kwanta a kai ba ta iya juyawa da kanta, kuma ɗakinta rufin kwano ne.

Mu 'yan wani ƙauye ne a wajen Guci. Ina kwaleji, yanzu muna hutun damina. Tsohuwar da nake magana Kakata ce, wadda ta haifi Babanmu. Tun ina tsirara take ce mini maigida, ni kuma in ce mata amarya. In na shigo gida sai ta ce ga ragon miji ya dawo, ba cefane ba goro, ni kuma in ce na sake ki saki uku, haƙoranki sun ƙare, ita kuma ta ce haƙoran da ka gani a gidan nan ai ita ta raba mana, shi ya sa nata suka ƙare. Haka muke kullum, har Inna, wato mahaifiyata, ta gaji ta ce mu fita mata daga tsakar gida mu biyu.

Da bazara Kaka ta zame a bakin randa, ƙugunta ya karye. Mai ɗori ya zo ya yi nasa, amma tun daga ranar ba ta sake takawa ba. A gadon kara take kwana tun kafin a haifi Babanmu, in ya tsufa a ɗaura wani, da tabarmar kaba a kai da tsohon bargo. Autanta, Baffana, yana aiki a Aljeriya. Ya kira a bidiyo ya ga uwarsa kwance a kan kara, sai ya kifa wayar, muna jin shi yana jan hanci. Washegari ya aiko kuɗi ya ce a sayo mata katifa, wadda ta fi kowace a kasuwa, kar a duba tsada. Baba yana fama da shuka, aka ce ni in tafi Magariya tunda ni ne ɗan lakwal, mai karatun boko.

Na kai kaina shagon katifa kamar wani alhaji. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina faɗawa, mai shagon yana ta kallona kamar zai kira jandarma. Ya tambaye ni wa za a saya wa, na ce amaryata, ya ce shekarunta nawa, na ce ta girmi kasuwar nan. Ya yi dariya, ya ce in tsohuwa ce mai jinya in ɗauki mai ɗan tauri, ga ta can siririya, ta fi shan iska. Na dube ta na ga kamar tabarma ce ta ci ta ƙoshi. Na ce Baffana bai tsallaka hamada don wannan ba. Na ɗauki mai kaurin nan, soso zalla, wadda in ka kwanta a tsakiyarta sai an zura igiya an jawo ka kamar guga. Aka ɗaura ta a bayan babur ɗin kabu-kabu, muka kamo hanya, iska na neman ta tashi da mu ta sauke a Kano.

Ranar da ta iso gidanmu kamar ranar suna. Matan unguwa suka yi ta shigowa suna danna ta da yatsa suna sa wa Baffa albarka. Ni kuma don rawar kai na kwance gadon karan nan take, na ce zamanin jahiliyya ya wuce, Inna ta hura wutar tuwo da shi a daren. Aka ɗora Kaka a kan katifa, ta shafa ta, ta shafa, ledar da aka naɗo ta da ita daga kamfani tana ƙara a ƙarƙashin hannunta. Na ɗauko reza zan farke ledar, sai ta riƙe mini hannu ta ce, "Maigida, kana hauka? Ka taɓa ganin an tuɓe wa sabuwar katifa riga?" A garinmu haka ake yi, kowa ya sani, katifa da ledarta take zama har ledar ta gaji ta yage don kanta. Kaka ta ce ba a cirewa sai Baffa ya dawo ya ga abinsa sabo fil, bayan ranta kuma a sa a kayan ɗakin ƙanwata. Inna ma ta goyi bayanta, don Kaka ba kullum take iya riƙe fitsari ba, kuma soso in ya sha ba ya mantawa.

Sai ruwa ya sauka sosai. Ku da kuke nan yankin kun san zafin da nake nufi, ba irin na bazara ba da ke ƙona ka ya bar ka a bushe. Wannan in an yi ruwa rana ta fito, ƙasa ta dinga huci, riga ta manne a baya, ko numfashi ka ja kamar ka sa kai a tukunyar dambu. Ɗakin Kaka taga ɗaya gare shi, ƙarama, kyanwa ma sai ta rage ciki take wucewa. Katifar ta lotsa da ita, ta rungume ta ta kowane gefe, ledar kuma ba ta barin zufa ta je ko'ina. In muka ɗaga ta za a canja zane, sai ka ga ruwa kwance a ramin da jikinta ya yi, na ce mata amarya za mu fara kiwon tarwaɗa a nan, ta ce in na kama in soya mata, ai ban taɓa ciyar da ita ba. Muka yi dariya. Lokacin bayanta ya fara ja, wajen ƙashin gindi, amma mun ɗauka ƙurajen zafi ne, Inna ta barbaɗa mata hoda.

Ba ƙurajen zafi ba ne. Wurin ya yi duhu, ya saɓule, ya zama gyambo. Ni na fara jin warin, don ni ke yi mata fifita da azahar. Baba ya ɗauko majo, wato babban ma'aikacin likitar da ke kusa da mu, ƙaramin asibitinmu ke nan, ya wanke wurin ya rufe, ya ce ciwon kwanciya ne, zufa da rashin juyi ke kawo shi. Ya ce a cire ledar nan yau, a dinga juya ta a kai a kai, a shimfiɗa zanen auduga, kuma katifar ma ta cika laushi ga wanda ba ya motsi. Kaka ta bari ya fita sannan ta ce yaron nan bai taɓa sayen katifa da kuɗinsa ba.

Daga nan gidan ya rikice. Baba ya ce a cire, Kaka ta ce in an cire ba ta yafe ba, Baba ya janye don ba ya iya ja da uwarsa. Inna ta ce ita ke wanki, in soso ya jiƙe a daminar nan wa zai busar da shi, Baba ya ce mata wanki ya fi mata ran tsohuwa, ta yi kuka ta ce ita da ke kwashe kashi da fitsari ita ake gaya wa haka, suka daina magana sai ta bakina. Baffa kuma duk Juma'a sai ya kira, Kaka ta sa a ɗaura mata kallabi mai kyau, ta bubbuga katifar ledar ta yi ƙara, ta ce masa tana barci kamar matar gwamna. Ta sa na rantse ba zan gaya masa zancen gyambon ba, wai zai bar aikinsa ya taho, kuma hanyar ba ta da kyau.

To ni dai kun ji halina, ba na iya zama. Wata rana da Inna da maƙwabciyarmu suka fitar da ita wanka a bayan ɗaki, na shiga da reza na yanke ledar ta sama kaɗai, na bar ta gefe-gefe yadda in ka leƙo za ka ga tana sheƙi, na shimfiɗa zane biyu na ja su tsaf. Na ji kaina kamar wanda ya ƙera jirgi. Aka dawo da ita aka kwantar. Ta ɗan motsa kafaɗa, ta sake motsawa, ta kasa kunne tana saurare. Sai ta ce, "Katifar nan ta daina magana."  Ta zura hannu ƙarƙashin zane ta taɓa soso. Ba ta yi faɗa ba. Ta kira ni da sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinta har na manta ta san shi, ta ce in kira mata Babana.

Ta ce a sauke ta ƙasa. Ta ce tunda an tuɓe katifar, ba za ta ɓata wa ɗanta dukiya da fitsari ba kafin ya gani. Baba ya roƙa, Inna ta roƙa, liman ma an kira ya yi mata nasiha, ta ce ta ji, a sauke ta. Gadon kara kuma babu, na riga na ba wuta, karan bara duk ya tafi a danga da girki, sabo kuwa sai an yi girbi. Aka shimfiɗa mata tabarma da bargo a daɓe, daɓen da ke tsattsafo da danshi. Katifar aka jingine ta a bango tana kallonmu. A ƙasan nan gyambon ya faɗa ciki, zazzaɓi ya zo, ta fara kiran mutanen da suka daɗe da mutuwa. Muka sa ta a mota zuwa babbar likita ta Magariya.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne ba na jin komai. Inna na kuka, Baba ya rame, ni kuwa ina cin tuwona har in side kwano. Ina zaune a bakin gadonta ina kora ƙuda, ina jin kaina kamar an aiko ni kallon jinyar kakar wani. Abokaina sun kira na ba su labarin yadda katifa ta kusa kai mu Kano, suka yi ta dariya, ni ma bakina ya yi, amma cikina kamar an share ɗaki an kulle.

Da zazzaɓin ya ɗan sauka ta buɗe ido, ta shafa gadon likitar. Katifarsu an rufe ta da wata baƙar roba mai kauri. Ta murza ta da yatsa har ta yi ƙara, ta dube ni ta ce, "Ka gani ko? Su ma masu ilimin ba su cire ba." Na ce amarya kin ci wannan shari'ar. Ba ta ce mini maigida ba, ta dai rufe ido.

Sun ce in ciwon ya yi kyau za su sallame mu, amma kar a mayar da ita ƙasa, kar kuma a mayar da ita kan abin da zai tara mata zufa. Shi ne nake tambayarku, musamman masu jinyar tsofaffi da ma'aikatan likita da ke gurup ɗin nan. A zafin damina, a ɗakin kwano, ba wuta ba fanka, wace shimfiɗa ce ba ta dafa mutum? Wata mata a ɗakin jinyar ta ce a nemi katifar audugar rimi irin ta da, tana shan iska kuma ana shanya ta a rana. Wani ya ce a ɗaura gadon kara ko na igiya yadda iska za ta bi ta ƙasa, a ɗora siririyar katifa mai ɗan tauri, irin wadda na raina a shago. Wani kuma ya ce akwai wadda ake hura wa iska don masu ciwon kwanciya, amma tana son lantarki. Wacce zan nema, kuma yaya ake yi da fitsari in ba leda? Sannan Baffa, in karya rantsuwar in gaya masa, ko in bar shi yana ganin uwarsa matar gwamna ce?

Admin, na ga ba ka sa saƙon ba tukuna, to ka haɗa da wannan. Kaka ta rasu a likita, ba a kai ga sallamar ba. Baba ne ya gaya wa Baffa komai, ba ni ba. Masu amsar tambayar katifa su rubuta duk da haka, akwai tsofaffi kwance a gidajen wasu. Inna ta ce kafin Kaka ta cika ta bar wasiyya, wai kar a sa katifar a kayan ƙanwata tunda an buɗe ta, a ba maigidanta, shi ya zaɓo, shi ya yanka, shi zai kwana a kai. An kai ta ɗakina. A kanta nake kwana yanzu. Da gaske tana da zafi.