Mafificin Hadiza Ma Gado Ne

Zuwa ga Malam Hedimasta,
Makarantar firamaren garinmu,
Ƙasar Faskari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da malamai, da wannan tulin yara da aka tara maka tun da gwamnati ta ce karatu kyauta ne. Allah ya ba ka haƙurinsu.

Ni ne Isiyaku Tela, mai keken ɗinki a rumfar bakin tasha, mahaifin Hadiza ta aji uku. Sau biyu ina zuwa ofishinka. Ran Litinin aka ce ka tafi taro Ƙanƙara, ran Laraba aka ce ka je karɓo alli. Shi ya sa na rubuta wannan a buɗe, na manna kwafi a ƙofar rumfata, tunda abin da zan yi ƙorafi a kai ma a gaban jama'a aka yi shi.

Na farko, bari in gaya maka ko su wane ne mu, don kai baƙo ne a garin. Na yi shekara goma sha wani abu a Panya, tsibirin nan na cikin teku da Turawan Sifen suka mulka, ina yi wa leburorin gonakin koko ɗinki. A can na auri Mariya, 'yar ƙasar ce, ta musulunta tun kafin aurenmu. Mahaifiyarta kuku ce a gidan wani Bature, harshen Sifen kuma shi Mariya ta tashi da shi. Da zama ya gagara aka kwaso mu a jirgin ruwa, ta biyo ni da akwati guda, da kaskon suyar mahaifiyarta, da Hadiza a hannu. Yanzu tana tuƙa tuwon dawa da miyar kuka yadda ko Inna, mahaifiyata, ta daina gyara mata. Hausarta ce dai har yau in ta tashi yin faɗa sai dariya ta kama wanda ake yi wa.

Abu ɗaya ta roƙe ni: in bar mata ranar Lahadi. Da hantsi takan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta zauna da Hadiza, ta koya mata girkin gidansu da aikin hannunsu, tana faɗa mata sunan kowane abu da harshensu. Ban ga inda wannan ya taɓa addini ko mutunci ba, kuma na tambayi limaminmu, ya ce in dai ba haram a tukunyar, a ɗiba masa.

Na biyu, abin da ya faru. Makon jiya malamin ajinsu ya ce kowane yaro ya zo ran Alhamis da aikin hannu na gadon gidansu. Malam, da ka ga murnar Mariya! Kwana uku suna fama. Mafifici suka yi irin na can, mai naɗewa, wanda ake buɗe shi da yatsa ɗaya ya baje kamar wutsiyar talotalo. Takardar buhun siminti suka samo wajen ginin sabbin ajujuwanku, Hadiza ta goge ta, ta ninke ta da hannunta. Ta fere tsinken gora, ta manne da ƙaro, ta zana dutse da teku da shuni da jan karan dafi, ita da ba ta iya tuna tekun ba ma. Na farkon ya yage, na biyun ya karkace, na ukun ne ya tsaya.

Sannan suka ƙara da wainar ƙwai da dankalin Turawa da albasa, wadda Mariya ke kira tortiya. Ni da kaina na je kasuwar Ƙanƙara neman dankalin, ƙwan zabi kuwa Inna ce ta bayar. Gwanintar wainar nan a juyi take: sai an kife kaskon a kan murfi, a mayar da ita ba tare da ta fashe ba. Wata biyar Hadiza na koyo tana zubarwa, kaji na godiya. Ranar nan ta juya ta cif, uwar ta rangaɗa wata irin guɗa da ba a taɓa jin irinta a unguwarmu ba.

Da yarinya ta kai, malamin ya ɗaga mafificin sama, ya ce wa aji, "Mi ne ne wanga? Gado aka ce, ba tarkacen Panya ba." Yara suka kwashe da dariya. Ya rubuta mata sifili da jan biro, ya ce gobe ta kawo tsintsiya kamar kowa. Tun daga ranar ba a kiranta Hadiza a hanyar makaranta, sai Tarkacen Panya.

Na uku, Malam, ina da 'yan tambayoyi, kuma wallahi ba da rashin kunya ba. Kwanon wainar ya dawo gida tas, ko ɓurɓushi babu, Hadiza kuma ta ce ko ɗanɗanawa ba ta yi ba, ɗakin malamai aka shiga da shi. To ashe tarkace na ciwuwa? Mafificin bai dawo ba. Ran Juma'a na hango shi a sahu na biyu a masallaci, yana aikinsa yadda ya kamata, kuma na shaida hannun da ke riƙe da shi.

Sauran yaran fa da aka ba maki goma goma? Ni a bakin tasha nake zaune, idona biyu. Ran Laraba da yamma iyaye suka yi layi wajen Baba Mai Tsintsiya har kayansa suka ƙare, ya yi ta sa wa makarantarku albarka. Yaro nawa ne a ajin nan ya yanko kaba ya ɗaure da hannunsa? Ɗiyata kaɗai ce ta zo da ƙaro a farce, ita kaɗai kuma ta ci sifili.

In kuwa zancen baƙon abu ne, ai yanzu duk garin nan baƙon abu muke ci muke sha. Tun da kuɗin mai ya shigo, shinkafar da ke tukunyar ma'aikata daga jirgi take saukowa, madara ta gwangwani ce, kwanon roba ya kori ƙwarya. Shi kansa malamin, babur ɗin da ya saya da ƙarin albashi ba a Mabai aka ƙera shi ba. Wandon nan nasa mai faɗin ƙafa da ke share titi, ni na ɗinka shi, kuma na rantse kakansa bai taɓa sa irinsa ba. Ban ce laifi ne ba, ni ma da irin ɗinkin nake cin abinci. Amma wanda ya karɓi na kanti hannu bibbiyu bai kamata ya wulaƙanta na uwa ba.

Kada a ɗauka Hadiza ba ta san namu ba. Inna na koya mata saƙar faifai da dama fura, ta iya dakan gero har da lugude. Da malamin ya ce gadon gidan uba, da faifai za ta kawo. Gadon gida ya ce, gidanmu kuwa mutum biyu suka haife ta.

Na huɗu, wannan shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma a nan ba na raha. Lahadin da ta wuce Mariya ta shimfiɗa tabarma kamar kullum, ta kira Hadiza da harshensu. Yarinya ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ta amsa da Hausa, ta ce, "Mama, don Allah ki daina yi mani wanga yare, dariya ake yi mani." Ta ɗauki tulu ta tafi rijiya, alhali randunanmu a cike suke. Mariya ta naɗe tabarmarta. Raina ya ɓaci ƙwarai, Malam, ya fi ɓacin ranar sifilin.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A dawo wa yarinya da mafificinta. In mai riƙe da shi yana so, ya zo gida da sallama, za a koya masa. A sake duba makin, a ba ta abin da hannunta ya cancanta, ko da biyar ce. Na ƙarshen shi ne babba: ka shiga ajin da kanka, a gaban yaran da suka yi dariya, ka ce abin da uwa ta koya wa ɗiyarta gado ne, ko daga wace ƙasa ta zo. Ni na faɗa mata har sau nawa, amma yanzu maganar makaranta ta fi tawa nauyi a kunnenta.

Malam, matar nan ta bar uwa da 'yan'uwa a bayan teku, wasiƙa ba ta zuwa, ba mu san wanda ke raye ba. Daga nan har Sabuwa babu mahaluƙi ɗaya da za ta gaisa da shi da harshen da aka yi mata reno, sai yarinyar nan 'yar shekara tara. In ita ma ta rufe baki, shi ke nan Mariya ta gama magana da harshenta har ta koma ga Allah. Don Allah ka shiga ajin kafin Lahadi.

Allah ya ƙara maka girma da basira, ya albarkaci zuri'arka, ya sa yaran da kake tarbiyya su zama masu jin ƙan iyayensu mata.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Isiyaku Tela,
Rumfar bakin tasha.