Motar Kai Batul Fas

Litinin, 2 ga Oktoba

Mun dawo daga Fas. Matata Batul ta kwanta ko takalmi ba ta cire ba, ni na cire mata. Awa huɗu a kan injin wankin ƙoda, sannan awa guda a tasha muna jiran tasi ta cika mutum shida. Litinin, Laraba, Juma'a. Wata na bakwai ke nan.

Kullum nakan biya kuɗin mutum biyu na gidan gaba don ta zauna ita kaɗai, kar wani ya matse mata hannun hagu, inda likita ya haɗa mata jijiyar da ake soka allura. Ya ce mana wannan hannun shi ne ranta: ba agogo, ba ɗaukar kaya, ba kwanciya a kansa. Kowace safiya sai na ɗora yatsu biyu a wurin, in ji yana ɗan gurnani kamar kyanwa, sannan hankalina ya kwanta.

Kuɗin gonar zaitun sun shigo jiya. Mota zan saya, in raba ta da tasin nan. Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa motar gidan waya, ban taɓa riƙe makullin tawa ba.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Na je gidan sayar da motoci ni kaɗai. Dacia mana, ita ce daidai aljihun irinmu. Na zauna a cikin wata sabuwar Logan, ledar kujerun ma ba a cire ba. Ƙamshin nan! Wallahi sai da na ji kunya, tsoho da ni ina shafa sitiyari.

Mai sayarwar ya ce fara tana nan a ƙasa, cikin satin nan zan iya fita da ita. Akwai ja ma. Na ce masa, ɗan'uwa, ja ta ƙananan tasin Fas ce, fara kuwa ta manyan tasin hanya. So kake duk inda na bi tsofaffi su riƙa ɗaga mini hannu da buhun albasa? Ya yi dariya. Ya ce to mai ruwan toka sai an jira sati biyar, Alhaji.

Ruwan toka nake so. Tun ina saurayi.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Bu'azza dillali, maƙwabcinmu, ya ja ni kasuwar motoci ta Lahadi. Wata Sandero shuɗiya, shekararta huɗu. Wai ta wata mai sayar da magani ce, daga gida sai kanti. Na ce Bu'azza, kai duk motar da ta shiga hannunka ta mace ce mai tsoron gudu. Ya rantse da kabarin ubansa. Uban nasa kam ya sha wahala a kabarin nan.

Na ƙwanƙwasa jikinta ko'ina, na leƙa ƙarƙashi, na shinshina mai, na tuƙa ta har bakin gada na dawo. Ban sami komai ba, abin ma ya ba ni haushi. Sai ƙunar taba guda a kujerar baya. Na nuna masa, na ce mai maganin taka da alama tana busawa.

Ya ce, "Si Larbi, ka ɗauka yau, gobe Hajiya ta hau. Me kake jira?"

Ban saba cin ragowar wani ba. Haka na ce masa.

Talata, 10 ga Oktoba

Mun yi cacar baki da Batul muna shan shayi. Rabin kofi aka yarda ta sha, tana riƙe da shi tana jujjuyawa don ya daɗe.

"Si Larbi, ni fa ba launi zan hau ba. Ƙafa huɗu da ƙofa, ya ishe ni."

Na ce mata sabuwa ba ta tsayawa da mutum a daji, kuma akwai garanti na shekara uku. Ta ce to sayi farar. Na ce ba zan zama direban tasi bayan tsufa ba. Sati biyar kamar gobe ne.

Ta dube ni ta ce, "Sati biyar, zuwa asibiti sau goma sha biyar ke nan. Na ƙirga."

Na tashi na bar mata ɗakin. Da rana na je Fas na biya kafin alƙalami na mai ruwan tokar.

Asabar, 14 ga Oktoba

'Yarmu Hafida ta bugo daga garin Tanja. "Baba, don Allah ka bar taurin kan nan." Uwarta ta kai mata ƙarata ke nan. Na ce ta kula da 'ya'yanta.

Laraba, 18 ga Oktoba

Ruwa tun asuba. Mun jira a tasha hannunta cikin bargo.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Bu'azza ya faka shuɗiyar a ƙofar gidansa, daidai tagarmu, ya wanke ta tas. Ɗan banza, da gangan yake yi. Na ga Batul tana kallonta. Na ja labule.

Saura sati uku da 'yan kwanaki.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Ban san ta ina zan fara ba.

Ranar kasuwa ce, tasha cike. Tasin da ke kan layi tsohuwar Marsandi ce, kuma mutum biyu sun riga sun zauna a gaba. Na roƙe su, ɗayan ya ce shi ma ciwon baya gare shi. In mun jira ta gaba za mu rasa lokacinmu a asibiti. Batul ta ce mu shiga baya. Mutum huɗu. Na sa ta a jikin ƙofa ta dama, ni ina hagunta, na ɗora hannun a kan cinyata ina karewa.

Bayan wani gangare tumaki suka faɗo titi. Direba ya taka birki ya karkace. Mutum biyun da ke baya tare da mu suka zubo a kaina, ni kuma na zube a kanta, da dukan nauyina, a kan hannun. Ni. Ba wani ba.

Ta ce wash, shi ke nan. Na ɗora yatsuna a wurin. Na sake ɗorawa. Shiru.

Direban yana ta cewa salama, salama, ba wanda ya ji ciwo.

Asabar, 28 ga Oktoba

Jijiyar ta toshe. Sun yi ƙoƙarin buɗewa, ta ƙi. Sun sa mata roba a wuya, ta nan za a riƙa wankin. An kwantar da ita.

Litinin, 30 ga Oktoba

Na tambayi likita yaushe za a haɗa mata wata a hannun dama. Ya ce jijiyoyin daman sun yi sirara, zuciyarta kuma ba za ta ɗauki aiki yanzu ba. Na ce to yaushe? Ya ce a hannun Allah muke, Alhaji. Na tsani wannan amsar a bakin mai farar riga.

Ba ta zarge ni ba. Da ma ta zage ni. Da na fara magana sai ta ce, "Bari, Si Larbi. Tumaki ne." Ta tambaye ni ko na ba kaji abinci.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Zazzaɓi. Wurin robar ya yi ja. Hafida ta iso, ta gaishe ni ba ta kalle ni ba. Gaskiyarta.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Na je gidan motocin na ce a ba ni farar. An sayar, tun sati biyu. Tawa tana hanya, saura kwana goma sha biyu. Mutumin yana ta nuna mini takarda, yana cewa daidai da alkawari, Alhaji. Ai na sani. Shi bai saɓa komai ba.

Na fito na zauna a bakin titi kamar mabaraci. Fararen Dacia suna ta wucewa, wasu tasi, wasu na gida. Ba wanda ya ɗaga wa na gidan hannu. Ko mutum ɗaya. Na zauna ina kallo har aka kira la'asar.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Zazzaɓin ya sauka, alhamdulillahi. Ta rame, zoben aurenmu yana yawo a yatsa.

Ta ce tana sha'awar dabino. Wata bakwai an hana ta. Na je na tambayi likita ko guda ɗaya zai yi illa. Ya ce, "Ba ta. Duk abin da ranta ke so, ka ba ta." Ya dafa kafaɗata. Na sayo na yankin Tafilalt masu laushi. Ta ci biyu da rabi, ta ba ni ragowar, na ci.

Ban tambaye shi me ya sa dokar ta canza ba.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Na ƙwanƙwasa wa Bu'azza bayan sallar asuba. Na shirya wa gori, na ce duk abin da ya faɗa zan haɗiye. Ya fito da makullin shuɗiyar a hannu, ya ce, "Mutum biyu sun taya, na ce an riga an saya." Ko dirhami bai ƙara ba. Sai na ce masa tayar baya ta hagu ta ɗan sha ƙasa. Ya ce to.

Mai ruwan tokar kuwa oho. Hafida ta ce za ta kira gidan motocin.

Talata, 7 ga Nuwamba

Mun je ofishin gunduma da mai motar aka buga hatimi. Ashe da gaske mace ce, da gaske magani take sayarwa. Tabar ta mijinta ce. Ta ce Allah ya ba Hajiya lafiya.

Daga nan na wuce ofishin inshora. Matar da ke wurin ta karɓi takardu tana bugawa, ta ce, "Shekara ɗaya, wata shida, ko wata uku? Na shekara ya fi araha, Alhaji, kowa shi yake yi."

Na ce wata uku.

Ta ɗago ta ce ka tabbata? Za ka sake dawowa a Fabrairu fa. Na ce eh, haka na fi so. Ban san lokacin da maganar ta fito ba. A hanya na yi ta gaya wa kaina don tsimi ne, kuɗin kuwa suna aljihuna har da ragi.

Motar tana tafiya lafiya. Kujerar gaba tana kwantawa sosai, na gwada. Na shimfiɗa bargon ulu, na sa ƙaramin matashi saboda wuyanta. Gobe bayan wanki za a sallame ta, ƙarfe ɗaya.

Takardun motar duk na zuba su a akwatin gaba. Ta inshorar ce kawai na ninke na sa a aljihun rigata ta ciki. Batul ba ta iya zama a wuri ba ta yi buɗe-buɗe ba, kuma ta iya karatu.