Saƙar da Jerka Ba Ta Gama Ba

Litinin, 2 ga Fabrairu

Na iso tsibirin Hvar da jirgin ruwan rana. Yau kwana ashirin da shida da rasuwar 'yata Jerka. Na sauka a wurin Yaya Mandina, a gidan da aka haife mu. Abu ɗaya ya kawo ni: in karɓi saƙar da 'yata ta bari ba ta gama ba, in koma Zagreb ranar Juma'a. Ba ni da komai nata na shekaru taran da ta yi a gidan sistocin coci. Wasiƙa biyu ta aiko mini bayan ta ajiye karatun likita ta shiga can, na mayar da su a rufe. Na rubuta wannan ne domin haka aka yi.

Talata, 3 ga Fabrairu

Sista Tarzicija, wadda ta koya mata aikin, ta nuna mini saƙar ta tagar ƙarfen da suke ganawa da baƙi. Tsohuwar ta haura tamanin. Saƙar zagaye ce, faɗin ƙaramin faranti, da zaren da ake cirowa daga ganyen tsiron agava, siriri kamar furfura, tana nan ɗinke a jikin kwalinta. Kashi ɗaya cikin huɗu ya rage. Na nemi a ƙarasa kafin Juma'a.

"Malam Vicko, kunnenka ya toshe ne a birni? Iskar arewa ake yi. Muddin wannan busasshiyar iska tana kaɗawa, ko bishop ne ya zo, allura ba ta taɓa zare. Tsinkewa yake yi."

Na ce to a ba ni haka nan. Ta naɗe a ƙyalle, ta ce kada in buɗe sai iskar kudu mai laima ta dawo, kada kuma in kai ta kusa da murhu. Na amsa mata cewa ni ma ɗan tsibirin nan ne.

Laraba, 4 ga Fabrairu

Miyar kifi da dankali. Yaya ta ce, "Ci, Farfesa, kifi bai san digiri ba." Can sai ta ƙara, ba ta dube ni ba: "Taku ɗari biyu daga ƙofar nan zuwa gidan sistocin. Sau nawa ka zo hutu ka wuce?" Na yaba miyar.

Alhamis, 5 ga Fabrairu

Na buɗe.

Dalilina, kamar yadda na tsara shi a lokacin: sistoci ba sa zana fasalin saƙa a takarda, a ka yake zaune, kuma kan da ya ɗauki wannan yana ƙarƙashin ƙasa. Shekara talatin da huɗu ina koyar da lissafi. Na ɗauka idan na ƙirga zarurrukan da suka fito daga tsakiya, na ga yadda take maimaita adon, zan gane abin da ta yi niyyar sawa a gurbin da ya rage. Na zauna inda haske ya fi yawa, wato gefen murhu, ina bi da bakin fensir. A na arba'in da ɗaya zaren ya rabu. Ko ƙara bai yi ba. Biyu na kusa da shi suka saki, wani ɗan fure da ta saƙa ya karkace.

Na naɗe, na sa a aljihun tebur, na wanke hannuwana.

Juma'a, 6 ga Fabrairu

Jirgi bai tashi ba saboda iska. Ban faɗa wa kowa abin da na yi ba.

Litinin, 9 ga Fabrairu

Iska ta juya kudu tun jiya. Bango yana gumi, kowa a gari yana kukan ciwon kai. Jirage sun ci gaba da tashi. Na sa rigar kwat na tafi tagar ƙarfe, na yi bayani a jere, kamar mai ba da shaida a kotu. Sista Tarzicija ta daɗe tana duban ɓarnar, gilashinta a kan hanci.

"Da fensir?"

Na ce da fensir.

Sai ta yi dariya har da tari. "Ashe gado ne! Lokacin sanyi na farko da Jerka ta yi a nan, ta ɓoye a ɗaki ranar iskar arewa, wai za ta gwada ko maganarmu camfi ce. Aikin wata biyu ta tsinka. Ta zo tana cewa, babana ya ce kada a yarda da abin da ba a gwada ba. Na ce mata, ki gaida baban naki."

Ban san tana ambatona ba. Na tambayi ko za a iya gyarawa. Ta ce za a ƙulla, amma ƙullin zai fito, ba ya ɓoyuwa a wannan zare. Gurbin kuma, duk abin da ta sa a ciki nata ne, ba na Jerka ba. "Ita ba ta maimaita ado, Malam. Da ka ƙirga har gobe, ba abin da za ka samu."

Na ce ta ƙulla, ta bar gurbin. Muryata ba ta fito yadda na so ba. Laimar ce, ina tsammani.

Alhamis, 12 ga Fabrairu

Na karɓo. Ƙulli uku, ana ganinsu daga nesa. Aikina ke nan a cikin aikinta.

Sista ta ce ranar Alhamis ake barin baƙi su zauna hira, kuma labarin ranar da Jerka ta ƙona burodin gidan gaba ɗaya yana da tsawo, ba zai shiga yau ba. Ban yi alkawari ba. Na dai biya ta tashar jirgi na tambayi jadawalin watan Maris, domin yana da kyau mutum ya sani. Yaya ta ce in zan kai Maris sai in sayi takalmin kirki, wannan na birni duwatsu za su cinye shi. Gobe zan duba shagon da ke bayan coci.