Tsaguwar Daɓen Ɗakin Hajiya

Tandabawi, Makka

Zuwa ga Yaya Hafizu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Mujahida da yara. Na san kunnenka ba ya ɗaukar magana a waya, shi ya sa na rubuto da hannu. Zan ɗauki hoton takardar in tura wa Anti ta nuna maka.

Yaya, shawararka ta magini nake nema. An yi ruwa a Makka makon jiya, irin mai gangarowa daga kan dutse da ƙarfi, ka kuwa san gidanmu a jikin dutse yake. Rana ta fito, titi ya bushe, amma a ɗakin surukata Hajiya Jawahir abin bai wuce ba. Daɓen ya tsage daga bakin ƙofa har ƙarƙashin gadonta, tayil ya ɗaga, ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa. In na goge na shiga kicin, kafin in dawo ya sake taruwa. Hannuwana sun yi fari saboda matse tawul.

Tun da ɓarin jikinta ya shanye Hajiya ba ta tashi. Ni ke juya ta, ni ke yi mata wanka. Na roƙe ta mu mayar da ita falo, ta ce a ɗakin nan ta haifi 'ya'yanta, a nan mijinta ya cika, ba inda za ta. Maigidana yana kan hanyar Madina yana tuƙa motar masu Umra, sai ya kwana biyu bai shigo ba. A waya ya ce in sa a shafe wurin da siminti, halas, shi ke nan. Ƙanensa Rakan kuwa ya ce kada a taɓa komai, wai ana raɗe-raɗin za a rushe unguwar, gyaran me za a yi.

Ni dai ban san na wa zan bi ba. Ka gaya mini abin da za ka yi da kana nan.

Ƙanwarka,
Mubina

Ƙofar Marusa, Katsina

Mubina,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Mujahida tana gaishe ki, a gaida Hajiya da jiki.

Na duba hotunan da kika haɗo. Kada ki bari a shafa siminti a sama, wahalar banza ce. Ruwan ba a ɗakin yake ba, a ƙarƙashin kankaren ya taru. In aka toshe masa nan, zai nemi wata kafa. Maganinsa a waje yake: a haƙa bayan bangon da ke kallon dutse, a yi masa magudana ya bi ya wuce.

Kafin nan, ki ɗora ƙafafun gadon a kan bulo. Ki cire duk wata wayar lantarki da ke ƙasa, wannan kada ki yi wasa da shi. Sannan ki sami fensir ki ja layi daidai inda tsaguwar ta ƙare, kina dubawa. In ta tsaya, da sauƙi. In ta wuce layin, ki rubuto mini nan take.

Tun ina yaro nake wannan aiki, na gyara wa mutanen da ban san sunansu ba, yau ga ƙanwata tana matse tawul ni kuma ina nan da cebur a jingine. Da kunnena zai ji ƙarar daɓen in an ƙwanƙwasa, da na ce ki kara wayar in saurara. To, haka Allah Ya so.

Ki riƙa hutawa.

Yayanki,
Hafizu

Tandabawi, Makka

Yaya,

Assalamu alaikum. Na gode, Allah Ya bar zumunci. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, abubuwa ne suka taru.

Na yi duk abin da ka ce. Maigidan ya yarda da maganar magudana bayan na karanta masa takardarka, ya kawo wani magini mutumin Tawa, Malam Hassan. Ya haƙa bayan bangon bai yi nisa ba ya tarar da dutse, ya ce sai da inji, inji kuwa ba zai shigo lungunmu ba, duk matakala ce. Ya hau sama ya duba, ya dawo ya gaya mana cewa gidan da ke samanmu, wanda masu shi suka rushe suka tashi bara, shi ne yake kare mu a da. Yanzu ɓaraguzansa sun toshe tsohuwar hanyar ruwan, duk abin da ya sauko daga dutse jikin bangonmu yake zuwa. Masu filin ba wanda ya san inda suka koma. Mutumin ya tattara kayan aikinsa yana ba mu haƙuri kamar shi ya yi laifin.

An sake yin ruwa ranar Juma'a. Tsaguwar ta wuce layin fensir, Yaya, ta kama bango tana hawa. Ƙofar ɗakin ma ba ta rufuwa sai an danna. Ɗakin yana warin danshi, Hajiya ta fara tari. Shekaranjiya ina ɗaga ta santsi ya kwashe ni, muka tafi tare, Allah Ya sa a kan katifa ta faɗa. Ni ce na bugu a ƙugu. Ban gaya wa kowa ba sai kai.

'Ya'yanta sun zauna a falo, da Larabci suke ta yi, sama-sama nake tsinta in sun yi sauri. Rakan ya ce a kai ta gidansa a unguwar Ka'akiyya. Maigidan ya ce shi ba zai fitar da uwarsa daga ɗakinta tana kuka ba. Yayarsu Nora ta ce a jira a ga ko ruwan bana ya ƙare. Aka sha shayi aka watse. Ba wanda ya tambaye ni, ba kuma wanda ya leƙa ƙarƙashin gadon.

Da na koma wurinta, Hajiya ta riƙe hannuna da hannunta mai lafiya ta ce, “Ya binti, 'yata, ke kaɗai ce ba ki taɓa yi mini ƙarya ba. Kada ki bari su ɗauke ni.” Na gyara mata bargo.

Ka yi mana addu'a.

Mubina

Ƙofar Marusa, Katsina

Mubina,

Salam. Ba zan tsawaita ba. Tsaguwa ta hau bango, ƙofa ta daina rufuwa, wannan ƙasar da ke ƙarƙashin ginin ce take zaizayewa. Ba zan iya ce miki gobe zai faɗi ba, yana iya kai shekaru a tsaye. Amma da uwata ce a ɗakin, ba za ta sake ganin hadari a cikinsa ba.

Ki nuna wa mijinki wannan. In ya kasa, ki kira Rakan. Ki fitar da ita, ki fitar da yaranki. Za ta yi fushi, na sani. Ba ni da wata dabara da ta wuce wannan, ki yafe mini.

Hafizu

Ka'akiyya, Makka

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna gidan Rakan, hawa na uku.

Na karanta wa maigidan takardarka, ya ce in yi abin da na ga ya dace, shi ba zai iya tsayawa ya gani ba, ya fita. Ni na kira Rakan. Ni na gaya wa Hajiya asibiti za mu a duba tarin. Muka sauko da ita matakalar a kan kujera, ni na riƙe kanta. Da motar ta ɗauki hanyar Ka'akiyya ta gane. Ba ta yi kuka ba, ta dai zare hannunta daga nawa.

Tarin ya yi sauƙi. Tana hira da jikokinta, tana karɓar abinci daga hannun matar Rakan. In ni na kawo, sai ta juya fuska bango. Har yanzu ni ke yi mata wanka, ba ta ce mini komai tun daga farko har in gama.

Tun da muka taso ba a sake ɗigon ruwa ba. Maigidan ya leƙa gidan jiya, ya ce daɓen ya bushe ƙarau, bango yana nan yadda yake. Nora ta ce da ma an yi gaggawa.

Kowace safiya ina leƙa sama ta taga, ban ma san me nake roƙo ba, ruwa ko rashinsa.

A gaida Anti.

Ƙanwarka,
Mubina